HENLEY: Sunan Gari, Sunan Mutum, Sunan Riga

Cikin watan Oktoba na shekarar 2014 aka shigar da wata ƙara gaban kotun tarayya da ke Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, wadda duk wanda ya ji ta da farko sai ya ɗauka raha ce. Mai ƙara shi ne Mista Don Henley, mawaƙi kuma makaɗi a ƙungiyar mawaƙan nan da ake kira Eagles. Wanda ake ƙara kuwa wani kamfanin tufafi ne mai suna Duluth Trading. Laifin kamfanin, a ganin mai ƙara, shi ne ya yi tallar wata irin riga da Turawa ke kira Henley, ya fara tallar da kalmar "don", wadda a Turanci take nufin mutum ya sa tufa a jikinsa. Watau a zahiri kamfanin cewa ya yi jama'a su sa rigar Henley, amma duk wanda ya karanta sai ya ga sunan mawaƙin zaune daram. Bugu da ƙari kuma aka ƙarasa jimlar da sunan wata shahararriyar waƙa ta ƙungiyarsu.

Ba a kai ga yanke hukunci ba. A watan Afrilu na 2015 aka sasanta, kamfanin ya nemi gafara a bainar jama'a, ya kuma ba da gudummawar kuɗi ga wata ƙungiyar kare daji wadda mawaƙin ya kafa tun 1990. Amma shari'ar ta bar tambayar da ta fi ta muhimmanci, watau shin wane ne mai wannan suna? Gama kalmar nan ta girmi mawaƙin da kamfanin da ita kanta ƙasar Amurka da ɗaruruwan shekaru. Sunan garuruwa ne, sunan iyali ne, sunan riga ne, kuma a kowane zango da ta yada ta kwashi wani abu na tarihin Ingila, musamman tarihin bambancin da ake nunawa tsakanin masu hannu da shuni da masu cin guminsu.

ASALIN KALMAR

Henley kalma ce ta tsohon Turanci, harshen ƙabilun da suka ƙetaro daga yankunan Jamus da Denmak na yanzu suka zauna Ingila tun daga ƙarni na biyar. Kashi biyu gare ta. Na farko ya fito daga "heah", watau abu mai tudu ko mai bisa. Na biyu shi ne "leah", wanda yake nufin daji, ko kuwa filin da aka sare a tsakiyar daji domin noma ko kiwo. Idan aka haɗa su, abin da ya fi kusa da ma'anar a Hausa shi ne "Sassaben Tudu". Ba wani sunan alfarma ba ne. Irin sunan nan ne da manoma kan laƙaba wa wuri bisa ga yadda suka same shi, kamar yadda a ƙasar Hausa ake da Tudun Wada da Gangare da Bakin Kogi a wurare da yawa ba tare da wani ya kwaikwayi wani ba.

Wannan kashi na biyu ya cika taswirar Ingila. Shi ne a ƙarshen Wembley da Burnley da Barnsley, waɗanda masu sha'awar ƙwallon ƙafa suka sani, shi ne kuma a ƙarshen Stanley, wanda asalinsa sassabe mai duwatsu. Su kansu garuruwa da ƙauyukan da ake kira Henley suna da dama. Akwai a gundumar Oksfod, akwai a Warwickshire, akwai a Suffolk da Somerset da Shropshire. Masana sunayen wurare sun nuna cewa ba dukansu ne suka fito daga tushe guda ba, domin na Shropshire kashinsa na farko daga "henn" yake, watau kaza ko tsuntsun daji. Ɗaliban adabin Turanci kuma za su iya tunawa cewa gidan da aka haifi Shakespeare a 1564 yana kan wani titi ne mai suna Henley a garin Stratford.

DAGA GARI ZUWA MUTUM

Kafin Normandawa su ci Ingila da yaƙi a 1066, galibin mutanen ƙasar suna ɗaya ke gare su. Sannu a hankali, da rubuce-rubucen haraji da na gadon filaye suka yawaita, sai bukatar rarrabe wannan John da wancan John ta taso. Aka riƙa jingina mutum ga ubansa, ko sana'arsa, ko kamanninsa, ko garinsu. Ya zuwa wajen shekarar 1400 yawancin iyalai a Ingila sun sami suna na biyu wanda ɗa ke gada daga uba.

Abin lura a nan shi ne, ba a cika kiran mutum da sunan garinsu yana zaune cikin garin ba. Sai ya fita. Mutumin Henley da ya je Landan neman abinci shi ne ake ce wa na Henley, domin a can ne sunan yake rarrabe shi da wasu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ma'aikacin gwamnati a Arewa, tun da yake haka makarantun kwana da rajistar aiki suka mai da sunayen garuruwa sunayen mutane: Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Isa Kaita. Wani lokaci ma sunan kan bi jini kamar na Turawa, yadda sunan unguwar 'Yar'aduwa ta Katsina ya bi Musa ya bi 'ya'yansa Shehu da Umaru.

Daga cikin na farko-farkon da tarihi ya riƙe da wannan suna akwai Walter na Henley, wanda wajen shekarar 1280 ya rubuta littafi a kan aikin gona da kula da gandu, cikin Faransancin da manyan Ingila ke amfani da shi a wancan zamani. Bayan ƙarni biyar kuma wani Robert Henley ya riƙe muƙamin shugaban shari'a na ƙasar daga 1761 zuwa 1766. Amma wanda ya fi ɗaukaka sunan ba basarake ba ne, ɗan mai sayar da littattafai ne wanda talauci da ciwo suka yi wa rubdugu.

An haifi William Ernest Henley a garin Gloucester cikin 1849. Tun yana yaro tarin fuka irin mai cin ƙashi ya kama shi, kafin ya cika shekara ashirin aka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Da ciwon ya koma ɗaya ƙafar, likitoci suka ce ita ma sai an yanke. Ya ƙi. A 1873 ya kama hanya zuwa Edinbara ta Sikotland wurin Likita Joseph Lister, wanda a lokacin yake gwagwarmayar shawo kan 'yan'uwansa likitoci su yarda cewa ƙwayoyin cuta ne ke ruɓar da rauni, kuma tsabtace kayan fiɗa da magani yana hana haka. Lister ya ceci ƙafar, amma sai da majinyacin ya kusa shekara biyu a kwance. A wannan kwanciya ne ya rubuta waƙoƙinsa na asibiti, a 1875 kuma ya rubuta gajeriyar waƙar da aka buga a 1888, wadda daga baya aka sa mata suna Invictus, kalmar Latin mai nufin wanda ba a ci galabarsa ba.

A asibitin nan ne marubuci Robert Louis Stevenson ya ziyarce shi suka ƙulla abota. Henley ƙato ne mai jan gemu da babbar murya, yana dogara sanda, ga shi da iya mallake zuciyar duk wanda ya zauna da shi. Stevenson da kansa ya shaida masa cewa daga gare shi ya ɗauko siffar Long John Silver, ɗan fashin teku mai ƙafa ɗaya na littafin Treasure Island na 1883, littafin da ɗalibai da yawa a Nijeriya suka karanta a sakandare. 'Yarsa tilo, Margaret, wadda ta rasu tana da shekara biyar a 1894, ita ce sanadin sunan Wendy a labarin Peter Pan na J. M. Barrie.

Sai dai akwai abin da masu yabon waƙarsa ba su cika faɗa ba. Henley editan jarida ne mai zafin ra'ayin mulkin mallaka. Shi ya buga waɗansu waƙoƙin soja na Rudyard Kipling a jaridarsa, kuma a 1900 ya fitar da waƙoƙin zuga sojan Ingila a yaƙin da suke yi a Afirka ta Kudu. Ikon Allah, a wannan ƙasa ɗin ce Nelson Mandela, wanda ya shekara goma sha takwas a kurkukun tsibirin Robben daga 1964 zuwa 1982, ya riƙa karanta wa 'yan'uwansa fursunoni waƙar Invictus domin ƙarfafa musu zuciya. Da wuya a ce Henley, wanda ya rasu a 1903, ya taɓa tsammanin waƙarsa za ta yi irin wannan aiki. Sunan waƙar aka ba wasannin sojojin da suka sami rauni a bakin daga, waɗanda Yarima Harry na Ingila ya kafa a 2014, Nijeriya kuma ta fara shiga a 2023.

GARIN BAKIN KOGI

Cikin dukan garuruwa masu wannan suna, wanda ya yi fice shi ne Henley-on-Thames, watau Henley ta bakin Kogin Tems, yamma da Landan da tafiyar da ba ta kai mil arba'in ba. Takardun tarihi sun fara ambatonsa a 1179, zamanin Sarki Henry na Biyu. Ƙaramin gari ne, mutanensa ba su fi dubu goma sha biyu da 'yan kai ba a ƙidayar 2021. Ɗaruruwan shekaru abin da aka san shi da shi bai wuce kasuwa da mashigi ba, inda ake loda hatsi da katako cikin jiragen ruwa a gangara da su Landan. Gadar dutsen da ke tsaye a garin har yau an gama ta a 1786.

Arzikin garin yana cikin wata baiwa da Allah ya yi wa kogin a daidai wurin. Tems kogi ne mai yawan lanƙwasa, amma a ƙasan gadar Henley ya miƙe sambal fiye da mil guda. A ran 10 ga Yuni 1829 ɗaliban Jami'ar Oksfod da na Kambirij suka yi tseren kwale-kwalensu na farko a nan, Oksfod ta yi nasara, jama'a kuwa suka yi dafifi. Mutanen gari suka ga abin da baƙi suka kashe a masaukai da kantuna. Bayan shekara goma, a watan Maris na 1839, suka taru a zauren gari suka yanke shawarar shirya nasu bikin tsere kowace shekara. Watau tun asali maganar ciniki ce da neman suna ga gari, ba maganar sarauta ba. Sarauta daga baya ta shigo, a 1851, sa'ad da Yarima Albert, mijin Sarauniya Biktoriya, ya yarda ya zama uban bikin. Daga nan aka ƙara masa laƙabin na sarauta, kuma kowane mai mulkin Ingila tun daga lokacin yakan gaji wannan matsayi.

Irin wannan biki shi Turawa ke kira "regatta", kalmar da su ma suka aro daga mutanen birnin Benis na Italiya, kuma ita ce ta zama Rigata a bakin mutanen Yawuri. Amma tsarin na Henley dabam yake. Jirage biyu kaɗai ke karawa a lokaci guda, wanda ya sha kaye ya fita, har a kai ga na ƙarshe. Tsawon fagen mil ɗaya ne da yadi 550, watau mita 2,112, ya ɗara mita 2,000 da ake yi a gasar duniya, kuma ana tuƙin ne ana haurawa ruwa. Kofin da ya fi daraja, na jirgi mai matuƙa takwas, tun 1839 ake takararsa. Na mutum ɗaya mai filafili biyu, wanda ake kira Diamond Sculls, an fara shi a 1844. Sau biyu aka yi tseren jirage na wasannin Olimfik a wannan ruwa, a 1908 da 1948. Bikin da aka fara da yini guda ya kai kwana shida tun daga 2022.

Da sunan ya yi ƙamshi sai kowa ya so ya shafa. A Kanada akwai bikin tsere mai suna Henley a garin St. Catharines. A Adelaide ta Ostireliya akwai unguwar bakin teku mai wannan suna. A Afirka ta Kudu akwai Henley on Klip, inda Oprah Winfrey ta buɗe makarantar 'yan mata a 2007. Mafi ban dariya shi ne na garin Alice Springs da ke tsakiyar hamadar Ostireliya, inda tun 1962 ake yin Henley-on-Todd a cikin busasshen kogi. Mutane kan shiga jirage marasa gindi su ɗauke su da hannu su yi ta gudu cikin rairayi. A 1993 sai da aka soke bikin, domin an yi ruwa kogin ya kawo.

Akwai kuma wata hanya da sunan ya bi wadda ta shafi ma'aikata kai tsaye. A 1945 aka kafa kwalejin horar da manyan ma'aikata a wani katafaren gida mai suna Greenlands kusa da Henley, ta fara kwas a 1948. Manufarta ita ce a haɗa jami'an gwamnati da na kamfanoni da na soja a ƙananan rukunoni su yi nazarin matsalolin mulki tare, maimakon malami ya tsaya yana ta lacca. Ƙasashe da dama suka kwaikwayi tsarin, ciki har da Indiya wadda ta kafa tata a Haidarabad cikin 1956. Kwalejin horar da ma'aikata ta Nijeriya da ke Topo kusa da Badagry, wadda aka kafa da doka a 1973, irin sunan da ta Henley ta fara da shi take ɗauke da shi. Ita ta Henley ta haɗe da Jami'ar Reading a 2008, yanzu makarantar koyon harkokin kasuwanci ce.

RIGAR DA BA TA DA KWALA

To, ina rigar ta shigo? Henley riga ce ta saƙa, galibi ta auduga, mai zagayayyen wuya ba kwala, da 'yar tsaga daga wuya zuwa ƙirji mai maɓalli biyu zuwa biyar. Akwai mai dogon hannu, akwai mai gajere. Wanda ya dubi wuyan kaftani ya rage masa tsawo ya kusa gane ta. Ana samunta jibge a cikin dilar gwanjo, inda mai saye da mai sayarwa ba wanda ya damu da sunanta.

Asalinta rigar ciki ce. A Ingila ta ƙarni na goma sha tara, sa'ad da masaƙu suka fara fitar da kayan saƙa da araha, irin wannan riga ita ce maza ke sawa a ƙarƙashin shat domin tsotse gumi da tare sanyi. A wancan zamani kwala ita ce shaidar mutunci. Akawu ko lauya ko malamin makaranta ba ya fita sai da farar kwala mai sitaci, wadda ake ɗaurawa dabam a cire dabam. Wanda ake gani a waje da riga ba kwala, ko da rigar ciki tsura, shi ne lebura, da mai haƙar kwal, da mai sauke kaya a tashar jirgin ruwa.

'Ya'yan manya masu tseren kwale-kwale suka ga rigar ta dace da bukatarsu. Ba ta da nauyi, ba kwalar da za ta goge wuya ko iska ta riƙa kaɗawa, idan zafi ya yi a ɓalle maɓalli. Suka ɗauke ta suka yi mata ado da launin kulob ɗinsu a bakin wuya da bakin hannu, ta zama kayan fagensu. Su matuƙan a tsakaninsu "zephyr" suke kiranta, watau iska mai laushi. Sunan Henley na mutanen waje ne, waɗanda suka san rigar a jikin samarin da suke kallo a bikin, kuma shi ne sunan da 'yan kasuwa suka riƙe, domin ya fi saye. Ba wanda zai yi ɗokin sayen rigar lebura, amma rigar Henley, mai ƙamshin Oksfod da gidan sarauta, wannan wata magana ce.

Wannan ɗabi'a ta suna ya bi mai daraja ya bar mai wahala tsohuwa ce a kasuwa, kuma ƙasar Hausa ta ɗanɗana ta. Jar fatar akuyar Sakkwato da majeman Kano suka jeme, fatake suka ƙetare Sahara da ita, da ta isa Turai sunan fatar Maroko aka sa mata, domin ta can ta biyo.

DOKAR HANA LEBURA

Abin da ya sa labarin rigar Henley ya fi na sauran ɗaci shi ne dokar da bikin ya kafa wa kansa. A 1879 masu kula da shi suka fitar da bayanin wanda ya cancanci shiga, suka ƙara tsananta shi a 1886. Sun ce bikin na masu tuƙi don sha'awa ne, ban da masu yi don kuɗi. Wannan kam yana da hujja, gama a zamanin caca ta yi yawa a tseren da masu fito ke yi a kan Tems, ana kuma zargin sayar da wasa. Amma dokar ba ta tsaya nan ba. Ta hana duk wanda ya taɓa aiki a jirgin ruwa don lada, ta kuma hana duk wanda yake, ko ya taɓa zama, makanike ko mai sana'ar hannu ko lebura, ko da bai taɓa karɓar ko kwabo a kan tuƙi ba.

Hujjar da aka riƙa bayarwa ita ce wai mai aikin ƙarfi kullum cikin motsa jiki yake, saboda haka ba adalci ba ne a haɗa shi da ɗalibi ko ma'aikacin ofis. Wannan hujja ba ta da ƙwari. Ɗalibin Kambirij da ke da lokacin atisaye kowace rana, da mai koyarwa, da abinci mai kyau, ba shi ne abin tausayi ba idan aka jera shi da wanda ya yini yana ɗaukar bulo. Gaskiyar maganar ita ce manya ba sa son ƙananansu su kayar da su a gaban matansu da baƙinsu. Abin ya kai har a 1890 aka kafa wata ƙungiyar tuƙi dabam domin masu aikin hannu, ƙasa ɗaya da ƙungiyoyi biyu, ba su haɗe ba sai a 1956.

Wanda labarinsa ya fi tona asirin wannan doka shi ne John B. Kelly na birnin Filadelfiya a Amurka, ɗan baƙin haure daga ƙasar Ayalan, wanda ya fara rayuwa da aikin birkila kafin ya kafa kamfanin gini nasa. A 1920 ba wanda ya kai shi tuƙin mutum ɗaya a Amurka. Ya nemi shiga Diamond Sculls, aka ƙi karɓarsa. Dalili biyu masu bikin suka rubuta. Na farko, kulob ɗinsa mai suna Vesper yana ƙarƙashin takunkumi saboda wata rigimar kuɗi da ta taso bayan zuwansu a 1905. Na biyu, shi kansa bai cika sharaɗin dokar ba, tun da ya yi aikin hannu. Baturen Ingila Jack Beresford ne ya ci kofin a shekarar.

Bayan 'yan makonni aka haɗu a wasannin Olimfik na birnin Antwerp a Beljiyam, inda dokar Henley ba ta aiki. Kelly da Beresford suka kai karon ƙarshe, birkila ya riga shi isa da daƙiƙa ɗaya. A wannan rana kuma ya sake shiga jirgi tare da ɗan'uwansa Paul Costello suka ci zinariya ta biyu.

Duk da haka dokar ta ƙara shekara goma sha bakwai. Abin da ya karya ta shi ne abin kunyar 1936, sa'ad da matuƙa takwas na ƙasar Ostireliya, a kan hanyarsu ta zuwa Olimfik na Balin, suka nemi shiga aka hana su domin 'yan sanda ne, wai aikinsu na hannu ne. Surutu ya yi yawa a jaridu, domin wannan karon ba Ba'amurke aka wulaƙanta ba, wakilan wata ƙasa ce ta cikin daular Ingila. A 1937 aka goge maganar makanike da lebura daga dokar, gyaran ya fara aiki a bikin 1938.

Kelly bai sake neman shiga ba, amma ya horar da ɗansa, John ƙarami, wanda ya je Henley ya ci Diamond Sculls a 1947, ya sake ci a 1949. 'Yarsa Grace kuwa, tauraruwar fim, ta auri Yarima Rainier na Monako a 1956. A 1981 masu bikin suka gayyace ta, a matsayin gimbiya, ta miƙa kofuna ga waɗanda suka yi nasara a wurin da aka kori mahaifinta. A 2003 aka sa wa kofin tseren mata masu jirgin mutum huɗu sunanta. Su matan ma sun daɗe a bakin ƙofa, domin sai a 1981 aka fara barinsu su yi tseren gwaji, sai kuma a 1993 suka sami gasa tasu ta sosai.

Yau ɗan kowa yana iya shiga tseren idan ya cancanta, matuƙa kuma sun bar tsohuwar rigar sun koma kayan roba masu kama jiki, sai dai a sa ta domin ado ko tunawa da al'ada. Amma a bakin kogin, kusa da inda tsere ke ƙarewa, akwai wani keɓaɓɓen fili na masu kula da bikin da baƙinsu, wanda mutum kan shekara da shekaru yana jiran a ba shi wakilcinsa. A nan dokar tufafi tana nan da ƙarfinta. Mata ba a yarda su sa wando ba sai a 2021. Namiji kuwa dole ya zo da kwat da laktaye. Rigar da ba ta da kwala ba ta da inda za a ɗaura laktaye, saboda haka wanda ya zo sanye da Henley tsura, daga bakin ƙofa ake mai da shi.